Bayani a Bakin Mai Shi: Darasi Daga Rediyon Roosevelt

Ranar Asabar, 4 ga Maris 1933, aka rantsar da Franklin Roosevelt shugaban Amurka, kuma ƙasar da aka damƙa masa tana kwance magashiyan. Cikin kowane mutum huɗu masu neman na kansu, ɗaya ba shi da aikin yi. Farashin amfanin gona ya zube, har a wasu jihohi manoma suka koma hura wuta da masara don jin ɗumi, saboda ta fi gawayin kwal araha. Dubban bankuna sun durƙushe tun daga 1930, sun tafi da ajiyar mutane. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin cewa bankinsa na tangal-tangal sai ya ruga ya kwashe nasa, maƙwabcinsa ya gani shi ma ya bi sahu, kafin la'asar bankin da ya wayi gari lafiya ya rasa abin da zai biya. A ranar rantsuwar, yawancin jihohi sun riga sun rufe bankunansu ko sun ƙayyade abin da mutum zai iya cira.

Ranar Litinin, 6 ga wata, ya ba da umarni a rufe kowane banki a faɗin ƙasar. Ranar Alhamis majalisa ta zartar da dokar gaggawa wadda ta ba gwamnati ikon bincika littattafan bankuna, ta buɗe masu lafiya, ta tanadar musu tsabar kuɗi. Aka tsayar da Litinin, 13 ga wata, don fara buɗewa. Saura abu ɗaya da doka ba ta iya yi: in aka buɗe ƙofa jama'a suka sake yin ca a kai, duk shirin ya rushe.

Daren Lahadi, ƙarfe 10, ya zauna gaban makirufo a fadar shugaban ƙasa. An ƙiyasta mutum miliyan 60 ne suka kasa kunne, shi kuwa bai kai minti 15 yana magana ba.

Abin da ya faɗa cikin wannan ɗan lokaci shi ya kamata mu tsaya a kai. Bai fara da yabon gwamnatinsa ba, bai ɓata lokaci wajen jibga laifi kan wanda ya gada ba. Ya ce yana so ya tattauna da jama'a a kan harkar banki, musamman mafi yawansu da iyakar saninsu da banki shi ne su kai ajiya su cira. Sai ya soma daga tushe. Kuɗin da ka kai banki ba kulle shi ake yi a akwatin ƙarfe a jira ranar da za ka dawo ba. Rance ake bayarwa da shi, ana juya shi a masana'antu da gonaki, kaɗan ake ajiyewa tsaba, kuma a zaman lafiya wannan kaɗan ɗin ya ishi masu zuwa cira. Amma in kowa ya zo rana ɗaya, ko bankin da ya fi kowane ƙarfi ba zai iya biya ba. Daga nan ya zayyana abin da gwamnati ta yi cikin makon, da dalilin kowane mataki. Sannan ya zo kan abin da mai sauraro ya fi ƙagara ya ji, wato gobe. Litinin za a buɗe bankuna a manyan birane 12, Talata a wasu birane kimanin 250, Laraba da kwanakin bayanta a ƙananan garuruwa. Ya ja kunne cewa in bankin garinku bai buɗe ranar farko ba, kada ku ɗauka ya mutu, layi ne bai zo kansa ba. Ya amsa cewa akwai masu banki da suka ci amana ko suka yi sakaci da dukiyar mutane. Ya ce ba zai yi alkawarin kowane banki zai buɗe ba, ba kuma zai ce ba wanda zai yi asara ba. Abin da ya lamunce musu shi ne, kuɗi a bankin da aka sake buɗewa ya fi tsira a kan wanda aka cusa ƙarƙashin katifa.

Da gari ya waye aka ga layi a ƙofar bankuna, amma na masu mayar da kuɗi ne. Cikin mako biyu, fiye da rabin abin da aka kwashe ya koma.

Na ɗauko wannan labari ne saboda mutanen kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, sun ga makamanciyar wannan rana da idonsu, shekara 90 bayan ta Amurka. Bambancin shi ne can jama'a ne suka kwashe kuɗi saboda tsoro, nan kuwa hukuma ce ta janye su. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka bi umarni, suka kai tsofaffi banki, sababbi kuwa ba su fito yadda za su wadata ba.

Duk wanda ya shiga kasuwar shinkafa ta Tudun Wada ko kasuwar Kwanar Dangora a wancan watan ya san abin da ya faru. Manomi ya kawo buhun shanshera, mai saye ya ce sai dai taransifa. Manomin ba shi da asusu, ko yana da shi amma wayarsa ƙarama ce, sai a tura ta asusun wani yaro a tsaya jiran alat. A jira har azahar, sabis ya ɗauke, mai saye ya rantse kuɗi sun fita daga wajensa, mai sayarwa ya rantse bai ga komai ba, buhu yana tsakaninsu. Kaya ɗaya ya zama yana da farashi biyu, na tsaba da na taransifa. Ɗan dako ya yini yana sauke buhuna ya rasa wanda zai miƙo masa ɗari biyar a hannu. Matar da ke turara shinkafa a cikin gida ta rasa kuɗin itace. Makiyayin da ke gefen dajin Falgore, wanda duk abin da ya tara daga sayar da bijimi yana ƙulle a leda, labari ya iske shi gutsi-gutsi, wani ya ce an ƙara wa'adi, wani ya ce ƙarya ne. Mai POS kuwa ya koma sayar wa mutane kuɗinsu da kuɗi. Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, sai da ya rubuta wa fadar shugaban ƙasa yana kokawa cewa yawancin ƙauyukan jihar ba su da banki.

An yi sanarwa, ba a ce ba a yi ba. An sa tallace-tallace da Hausa, an tura wakilai wasu ƙauyuka suna canza har naira dubu goma. Amma sanarwa daban, bayani daban. Sanarwa tana ce maka ka kai kuɗinka kafin rana kaza. Bayani shi ne a gaya maka dalili, a gaya maka sababbi nawa aka buga, yaushe za su iso garinku, me za ka yi in garinku ba banki, wa za ka kai wa kuka in an cuce ka. Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya yi wa ƙasa jawabi a kan lamarin ranar 16 ga Fabrairu 2023, bayan wa'adi ya wuce, bayan an fara ƙona bankuna a wasu jihohin kudu, inda ya amince tsohuwar naira 200 ta ci gaba da aiki zuwa 10 ga Afrilu. Da Turanci aka karanta jawabin. Mutumin Riruwai ko na Kafin Maiyaki ya ji shi ne a taƙaice, a bakin mai karanta labarai. Ga shi kuwa ba shugaban da talakan Kano ya taɓa yarda da maganarsa a wannan zamani kamar Buhari. Da ya zauna minti 15 a watan Nuwamba, da Hausarsa ta Daura, ya warware musu zare da abawa, ya sake zama a Janairu ya amsa cewa sababbin kuɗi ba su isa ba, ga abin da za a yi, da an rage asara da yawa, da ma wataƙila shi kansa ya gane tun da wuri cewa shirin bai nuna ba. A ƙarshe Kotun Ƙoli ce ta raba gardama ranar 3 ga Maris.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kayan aiki muka rasa ba. Lokacin da Roosevelt ya yi jawabinsa na farko, gidaje da yawa a karkarar Amurka ba su da rediyo, sai an taru a gidan mai shi. Mu kuwa rediyo ta daɗe da zama 'yar gida. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki tun 1957. Gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yi ta tsirowa, yau sun fi ashirin a jihar. Je ka teburin mai shayi a Tiga da safe, rediyo na rataye jikin ƙusa. Manomi a Doguwa yana jingine ta gindin kunya yana noma. Mata a cikin gida suna surfe suna ji. Wanda ba shi da akwatin, ƙaramar wayarsa na kamawa. Jama'ar da ke sauraro haka, kuma su riƙe abin da suka ji su yi ta muhawara a kansa a majalisa, samun irinsu sai an tona.

To me ake zuba musu a kunne? Da dare ya yi, sai filin siyasa ya buɗe, sojojin baka su hau. An saya musu minti biyar ko goma, wannan ya wanke ubangidansa, wancan ya yi wa na wancan wankin babban bargo. Akwai masu fasaha a cikinsu, kuma wani lokaci ta bakinsu ake jin kukan wani ƙauye da gadarsa ta karye. Amma sojan baka ba shi ya sa hannu a takarda ba. Bai san nawa ke cikin asusu ba, ba zai iya cewa ranar kaza taki zai iso ba, in ma ya faɗa ba wanda zai kama shi gobe. Shugaba ya fake a bayansa, in magana ta yi daɗi tasa ce, in ta ɓaci ya ce ba shi ya aike shi ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a sha'anin mulki ta fi nauyi, don mai ita ne kaɗai za a iya tuhuma.

Ba kuma baƙon abu ba ne a Kano shugaba ya yi magana da talaka kai tsaye. Malam Aminu Kano ya gina siyasarsa ne a kan zama da mutane yana fassara musu yadda haraji da kotu da mulki ke aiki, da harshen da suke ji, shi ya sa har yau ake sa muryarsa a rediyo. Abubakar Rimi da ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, kuma da bakinsa yake fitowa ya kare abin da ya yi. Gadon yana nan, sakinsa aka yi.

Bayan canjin kuɗi ba a daɗe ba aka sake maimaitawa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin jimla ɗaya a jawabin rantsuwa. Kafin mako ya zagayo lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Mai noman rani a bakin ruwan Tiga, wanda injin ban-ruwansa fetur yake sha, ya ga jarkar da yake cikawa ta ninka kuɗi kusan sau uku, ba wanda ya gaya masa ya shirya. Cikakken bayani ya zo ranar 31 ga Yuli, wata biyu bayan aikin gama ya gama. A Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, don a sauƙaƙa wa masu saye. Manufar tana da hujjarta, don yunwa ta yi yawa a birane. Amma manomin masara na Doguwa da Tudun Wada ya sayi taki da tsada, ya zo kaka ya tarar farashi ya faɗi, wasu ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Ya cancanci a zauna a gaya masa tun kafin ya yi shuka: ga abin da za mu shigo da shi, ga tsawon lokacin, ga abin da muka tanadar maka. Da ya san haka, da ya san yawan abin da zai shuka da bashin da zai ci.

Mu koma ga Roosevelt, don akwai wasu halaye nasa da suka sa maganarsa ta yi tasiri. Bai mayar da ita abin kullum ba. Cikin shekara 12 da ya yi yana mulki, irin wannan hira kimanin 30 kawai ya yi, huɗu daga ciki a 1933. An sha roƙonsa ya ƙara, ya ƙi, don ya san abin da ake ji kullum kunne na sabawa da shi. Yakan ɗauki kwanaki ana gyara rubutun, yana cire kalmomin masana yana sa na kasuwa, kuma yana magana a hankali, ba gaggawa. Mafi yawan masu manyan jaridu ba sa ƙaunarsa, rediyo ce ta ba shi hanyar tsallake su ya shiga ɗakin talaka.

Kuma yana sauraro. Wasiƙun da ke shiga fadar shugaban ƙasa sun tashi daga kimanin dubu biyar a mako zamanin wanda ya gada, Herbert Hoover, zuwa kimanin dubu hamsin, har ofishin da ma'aikaci ɗaya ke riƙewa ya koma na mutum gommai. A jawabinsa na 22 ga Oktoba 1933 ya ce duk iyalin da ake shirin ƙwace wa gida ko gona saboda bashi su aika telegiram nan take zuwa hukumomin da ya ambata da suna a Washington. A 1936 da fari ya cinye tsakiyar ƙasar, sai da ya zaga jihohi tara ya gani da idonsa, sannan ya hau rediyo ranar 6 ga Satumba ya ba da labarin iyalan da suka rasa alkama da masara da dabbobi da ruwan rijiya, ya faɗi aikin da za a ba su su sami abin kai wa baki. Manomin da ya ji shugaba yana kwatanta gonarsa daidai yadda take, ya san ba a ofis aka tsara maganar ba.

Kada a ɗauka ina cewa murya ce ta warkar da Amurka. Jawabin 12 ga Maris ya ci ne saboda akwai doka da tsabar kuɗi a bayansa, kuma abin da ya ce zai faru Litinin ya faru Litinin. Da an buɗe banki an ce babu, da jawabi na biyu ba wanda zai saurara. Rashin aikin yi bai kau ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Wasu manufofinsa na gona sun amfani masu filaye sun kori 'yan ƙodago, da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata. A Maris 1937 ya hau rediyo yana neman goyon baya ya ƙara alƙalai a Kotun Ƙoli don ta daina yi masa cikas, jama'a da majalisa suka ƙi, duk da daɗin bakinsa. A shekarar 1933 ɗin dai gwamnatin Hitila ta fara cika gidajen Jamus da rediyo mai araha don ta cusa ƙiyayya, a 1994 kuma rediyo ta taimaka wajen kisan kiyashi a Ruwanda. Don haka ba iya magana nake nema wa shugabanninmu ba, suna da ita har ta yi yawa. Gaskiya nake nema, a kan lokaci, tare da aikin da za a iya dubawa.

Ko a maƙwabta akwai abin koyi. A Nijar tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo a ƙauyuka. A taru a saurari shiri, a tattauna, a naɗi muryar manoma a mayar gidan rediyo, hukuma ta ji da kunnenta. Yau da waya ke hannun kowa, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Shugaban ƙasa yana nesa, kuma harsunan Najeriya suna da yawa, ko da yake ba abin da zai hana ministan gona ko na kuɗi ya sami wanda zai zauna a madadinsa da Hausa a ranar da aka yanke hukunci. Amma Gwamnan Kano ba shi da wannan uzuri, haka kwamishinan gona, haka shugaban hukumar noma ta KNARDA, haka ciyamomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya. Duk Hausa suke ji, duk sun san hanyar gidan rediyo, don can suke kwana lokacin kamfe.

Ranku ya daɗe, abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Sau biyu a shekara ya isa, sai in wata masifa ta taso. Kafin ruwa ya sauka, ciyaman ya zauna da kansa ya ce ga buhun taki nawa aka ba ƙaramar hukumarmu, ga farashinsa, ga rabon kowace mazaɓa, ga ranar da za a fara da wurin da za a yi, ga wanda za a kai wa ƙara in an karkatar. In babu, ya ce babu, manomi ya san inda dare ya yi masa ya nemi takin gida tun da wuri. Da kaka ya dawo ya faɗi abin da aka cika da abin da aka kasa, da dalili. A buɗe layin waya na rabin awa, kada a tace masu kira, a bar mutumin Yaryasa da na Dariya da na Kofa su yi tambaya. Kuɗin da ake kashewa a kan sojojin baka a wata ɗaya ya isa biyan wannan fili na shekara. Ku kuma masu gidajen rediyo, ku ware lokacin, ku aika da goron gayyata a rubuce, wanda ya ƙi zuwa ku faɗa wa jama'a sunansa.